Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sarkin Zongon Kumasi, limamai da masu gida: a rubuta wa yaranmu aikinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa sarakunan ƙabilu da ke majalisarsa lafiya da nisan kwana. Allah gafarta malamai, limaman Juma'a da na unguwa. Iyayenmu alhazai da hajiyoyi masu shaguna, masu motoci, masu gidajen burodi da makarantu, ina gaishe ku da girmamawa.

Na rubuto ne a kan yaranmu da ke aiki a hannun 'yan uwansu cikin zongo, da abin da ke samunsu ranar da aka ce musu kada su dawo gobe. Na zaɓi in yi maganar a fili saboda ta shafi gidaje da yawa, daga Aboabo da Asawase har Sawaba, Alabar, Tafo da Moshi Zongo, kuma in na faɗe ta a zaure ɗaya, a nan za ta kwana.

Duk taron da muka yi kan rashin aiki, gwamnati muke nuna wa yatsa, kuma lallai tana da nata kason. Tun daga watan Agusta na 2017 da bankunan UT da Capital suka rushe, har zuwa 2019 da aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347 a rana ɗaya, dubban ma'aikata sun koma gida. Shirin gwamnati na NABCO da aka buɗe a 2018 ya ɗauki masu digiri dubu 100 a kan sidi 700 a wata, ya ƙare a 2022 mafi yawansu ba su samu aikin dindindin ba. A watan Nuwamba na 2025 mutum shida suka rasu a turmutsitsin neman aikin soja a filin El-Wak da ke Akra. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a ci gaba da faɗarsa a gaban duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a. Amma ranka ya daɗe, in aka shiga gida gida aka tambayi samari da 'yan mata masu fita da safe su dawo da dare, wa suke wa aiki, amsar ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Alhaji wane ne a kasuwar Kejetia, Hajiya wance mai waken shinkafa, masta wane a Magazin na Suame, unguwar garejoji, mai makaranta wane a bayan masallaci. Mu ne ke ɗaukar yaranmu aiki, mu ne kuma ke sallamar su. Wannan ɓangaren yana hannunmu, ba sai mun jira kasafin kuɗin kowa ba.

Kakanninmu da suka kafa zongon nan a kan fataucin goro da shanu ba su rubuta takardar aiki ba, amma suna da tsari, kuma tsarin yana da ƙarshe. Yaro ya shiga gidan maigida, ya ci a can, ya kwana a can, in ya yi ciwo maigida ne da magani. Yana ɗaukar kaya, yana bin huhun goro, yana koyon ciniki da sanin mutane. In shekaru suka ja, maigida ya yi masa aure, ya yanka masa jari, ya haɗa shi da abokan cinikinsa, ya ce je ka Allah ya yi maka albarka. Wanda ya riƙe yaro ya tsufa a hannunsa bai sallame shi da komai ba, gari ne ke zaginsa, kuma ba mai sake ba shi ɗansa. Da yawa daga manyan gidajen da muke alfahari da su yau, haka kakanninsu suka tashi.

Abin da nake gani yanzu shi ne mun riƙe rabin farko mun yar da rabin ƙarshe. Har yau ana ce wa yaro kai ɗan gida ne, ba a maganar albashi tsakanin uba da ɗa. Har yau yana buɗe shago kafin bakwai ya rufe bayan magariba, ya wanke motar Alhaji ranar Lahadi, ya kai yara makaranta. Amma auren da jarin sun ɓace. Kamar mutumin da ya kwashi adashi ne ya daina zubi: ya karɓi ƙuruciyar yaron gaba ɗaya, lokacin da nasa zubin ya zo sai ya ce kasuwa ba daɗi. Kuma da yake ba a rubuta komai ba, yaron bai samu kariyar al'ada ba, bai samu ta doka ba.

Na zauna a wani sulhu da aka yi tsakanin wani saurayi da maigidansa a harabar masallaci bayan la'asar. Saurayin ya shiga shagon kayan mota tun bai fara gemu ba, ranar sulhun yana da mata da 'ya'ya. Shi ya san kowane ƙarfe a shagon, shi masu gareji ke kira a waya. Ɗan maigidan ya gama makaranta ya dawo, aka ba shi makullin, ba a jima ba aka ce lissafi bai cika ba. Ba littafin da aka buɗe, ba wanda ya ce ga ranar ga abin da ya ɓace. Saurayin yana tsugune, hularsa a hannu, yana cewa shi ba kuɗi ya zo nema ba tukuna, a fara wanke shi daga sunan sata. Dattawa suka yi ta magana a kan zumunci da cin gishirin gida. Daga ƙarshe maigidan ya zaro 'yan takardu daga aljihun gaba, bai ƙirga ba, ya miƙa wa liman ya ce a ba shi ya sha ruwa. Aka ce wa yaron ya yi godiya. Ya yi. Aka shafa fatiha aka watse, kowa na cewa alhamdu lillahi an kashe wuta. Yau yana tuka pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, ta wani, yana kai kuɗin yini ko ya samu fasinja ko bai samu ba.

Allah gafarta malam, wannan haƙurin da muke bayarwa kullum gefe ɗaya yake fuskanta. Ban taɓa jin an ce wa maigida ya yi haƙuri ya biya ba. Mai ƙaramin ƙarfi ake ce wa arziki na Allah ne, kada ka ɓata da manya, gobe ma rana ce. In ya ce zai kai ƙara, a ce ya tona asirin Musulmi a gaban hukuma, uwarsa ta kasa shiga suna da biki. Da haka sulhu ya zama hanyar da ake danne haƙƙi cikin ladabi, alhali ku kuka karantar da mu hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, da wanda Allah Maɗaukaki ya ce shi da kansa zai yi husuma ranar ƙiyama da mutumin da ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi lada. Ku kuka nuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. A Suratul Ƙasas, lokacin da aka ɗauki Annabi Musa aiki, an faɗi wa'adi tun farko, shekara takwas, in ya cika goma daga gare shi ne, an faɗi abin da zai samu, shi kuma ya amsa a kan haka. Saboda haka wanda ya ce rubuta yarjejeniya rashin yarda ne ko ɗabi'ar Nasara, ku ne za ku fi kowa iya ba shi amsa daga kan mumbari.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba, sai dai yawancinmu ba mu taɓa jin abin da ta ce ba, har da masu gidan. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ce duk wanda za a ɗauka aikin wata shida ko fiye, dole a rubuta masa yarjejeniya, kuma cikin wata biyu da fara aiki a ba shi takardar da ta bayyana sharuɗɗansa. Wanda aka kira ma'aikacin wucin gadi, in ya yi wata shida a jere a hannun mutum ɗaya, doka na kallon sa a matsayin na dindindin. In za a rabu, yarjejeniyar shekara uku ko fiye tana buƙatar sanarwar wata ɗaya ko albashin wata a madadinta, ta ƙasa da haka mako biyu. Akwai hutun kwana 15 na aiki a shekara, da albashi. Mace in ta haihu tana da aƙalla mako 12, kuma ba a korar ta don ta tafi wannan hutun. Wanda injin niƙa ko na murza ƙullun burodi ya cinye wa yatsu, akwai dokar diyya tun 1987. Wanda kuma ya ga an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, yana iya kai kuka Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ba sai ya ɗauki lauya ba. Mafi ƙarancin ladan yini a 2025 sidi 19.97 ne, kusan 540 a wata. Kuɗi ne da ba ya riƙe gida, kowa ya sani, amma a nan zongo akwai malamar makarantar kuɗi da yarinyar shago da ba su kai shi ba.

Maganar SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, ita ta fi ci mini rai, don ita ce ba a ganin ciwonta sai ƙarfi ya ƙare. Dokar fansho ta 2008 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 13 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi biyar da rabi. Idan albashin yaro sidi 1,000 ne, na maigida 130, na yaron 55. Da wannan, wanda ya cika wata 180 yana zubi, wato shekara 15, yana da fansho in ya kai 60. In ya nakasa akwai abin da zai samu, in ya rasu iyalinsa su karɓa, kuma yana raye ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya. Yanzu lambar katin Ghana ita ce lambar SSNIT, rajistar ba wuya. Ku duba dattawan da ke zaune a ƙofar masallatanmu ranar Juma'a suna jiran abin da Allah zai kawo. Ba duka ne baƙi ba, ba kuma malalata ba ne. Akwai tsohon direban babbar mota a cikinsu da ya yi rayuwarsa tsakanin Kumasi da Bawku da Wagadugu, akwai mai gadi, akwai mahauci. Sun gina gidajen wasu, ba a zuba musu ko pesewa ba. Sadakar da muke miƙa musu yau, wani ɓangarenta haƙƙinsu ne da aka hana su jiya.

Ni ma na taɓa rasa aiki. Ina karɓar adashi ne ga wani ƙaramin kamfanin ajiya da rance, ina bin shaguna da ɗan littafi, har ranar da muka iske ƙofa da kwaɗo da takarda manne a bango. Abin da ya biyo baya ba na fatan shi ga kowa. Mata masu koko da masu tuyar ƙosai da suka ba ni kuɗinsu don sun san uwata, gidanmu suka zo, ba ofis ba. Wata tsohuwa ta zauna a dandamalin ƙofarmu da katinta a hannu, ba ta zage ni ba, tambaya kawai take yi, ɗana yaushe za a buɗe. Amma duk da wannan, na fita da abu biyu: takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da sunana da ranar da na fara, da zubin da ke rubuce a SSNIT wanda rushewar kamfanin ba ta shafe ba. Da takardar nan na shiga neman wani aikin, kuma ita aka fara dubawa kafin fuskata. Saurayin shagon kayan motan ya fi ni daɗewa a wurin aiki, ya fi ni sanin sana'arsa, amma ya fita hannu Rabbana, da tabon zargi a kansa.

Wannan ne abin da masu gida ba sa lura da shi: rashin takarda yana bin yaro har wurin neman aiki na gaba. Yanzu ina taimaka wa matasan unguwa rubuta takardar neman aiki, kuma kullum a wuri ɗaya muke tsayawa. Ina ka yi aiki? Wurin Alhaji. Me za ka nuna? Shiru. Kamfanin da ke neman mai kula da sito a Kaase ko direba a Adum yana son shaidar inda ka fito da lambar wanda za a kira. Yaron da ya riƙe shagon miliyoyi shekara da shekaru, a takarda daidai yake da wanda bai taɓa aiki ba. In ya koma roƙon a rubuta masa layi uku, sai a ce Alhaji ya yi tafiya, ko a ce ai kai ka tafi da kanka. Daga nan gwiwa ta yi sanyi. Sai ya faɗa hannun masu cewa suna da hanya a shige da fice ko kwastan ko soja, a turo dubu kaza ta momo, wato kuɗin waya, sunansa zai fito. Uwa ta sayar da zannuwanta da sarƙarta, lambar wayar ta daina shiga. Wasu su nufi ramukan galamsey, haƙar zinariya ta bayan fage, a dawo da gawarsu. 'Yan mata kuwa dillalai na jiran su da alkawarin aikin gida a ƙasashen Larabawa. A 2017 gwamnati ta dakatar da irin wannan ɗaukar saboda azabar da ake ba su, amma aka ci gaba da fitar da su ta maƙwabtan ƙasashe, kuma dillalan ba daga sama suke faɗowa ba, a unguwanninmu suke, muna sallah sahu ɗaya.

Iyayena masu gida, na san abin da za ku ce, kuma ba zan yi kamar ban sani ba, don ina riƙe wa wasunku littafi. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, jarin mutane da yawa ya narke suna kallo. Kuɗin haya na shekara biyu ake nema a dunƙule, ga wuta, ga haraji, ga kuɗin fito a tashar jirgin ruwa ta Tema. Gobarar kasuwar Adum ta watan Maris na 2025 ta mayar da masu shago 'yan kallo cikin yini ɗaya. Akwai kuma yaran da suka ci amana da gaske, suka kwashe kaya suka gudu, wasu ma 'ya'yan 'yan uwa ne. Ba na musun ko ɗaya. Amma takardar nan ku ma tana kare ku. In an rubuta abin da ke hannun yaro, da ranar da ake ƙirga kaya, da wanda ya tsaya masa, ranar da abu ya ɓace ba sai an yi rantsuwa da Alƙur'ani ba. In kasuwa ta karye har ba za ka iya riƙe shi ba, ba wanda ya ce dole ka riƙe. Ka kira shi ka faɗa masa da wuri, ka ba shi sanarwarsa, ka biya abin da ya yi, ka rubuta masa shaida. Wanda ba shi da halin albashin mutum uku, ya ɗauki biyu ya biya su daidai. Abin da ba shi da uzuri shi ne mutum ya je Umra duk azumi, ya yanka babban sa da layya, alhali direbansa yana bin sa albashin wata huɗu.

Hajiyoyinmu ma maganar ta hau kansu. Yarinyar da aka ɗauko daga arewa, ko daga gidan 'yar uwa mai ƙaramin ƙarfi, tana tashi kafin asuba ta hura wuta, ta yini a kan tukunyar waken shinkafa ko tuwo, ta kwana a kicin. Ana cewa ana tara mata kuɗin kayan ɗaki. Nawa aka tara, a ina yake, wa ya shaida? Ranar da aka yi faɗa ko ta yi ciki, sai a ɗaura mata ƙullin kayanta a saka ta a mota. Tun 2020 akwai ƙa'idojin da suka ce ko mai aikin gida a rubuta mata yarjejeniya. Magajiyoyi sun san kowane gida da irin yaran nan suke, kuma maganarsu tana shiga inda ta namiji ba ta shiga.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙo ba ya buƙatar Asusun Raya Zongo da aka kafa a 2017, ba ya buƙatar minista. Ina roƙon fada ta fitar da takarda guda mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, da ajami ga mai so: sunan maigida, sunan yaro, aikin da zai yi, lokacin shiga da tashi, abin da za a biya da ranar biya, yadda za a rabu. In tsarin gargajiya aka zaɓa, na koyon ciniki da sallama da jari, to a rubuta shekara nawa da abin da za a sallame shi da shi, shaidu biyu su sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna wurin liman. Teloli da masu gyaran gashi sun daɗe suna yaye ɗalibansu da takardar shaida a gaban jama'a, ba wanda ya ce sun ɓata zumunci. Muna rubuta sadaki, muna rubuta cinikin fili, mun san amfanin abin.

Ina kuma roƙon duk sulhun da za a yi tsakanin maigida da yaronsa, a fada ne ko a masallaci, a fara da lissafi kafin nasiha: yaushe ya fara, me aka yi masa alkawari, me ya karɓa, me ya rage. A zaunar da mutum ɗaya da ya san dokar ƙwadago a wurin. Muna da su, 'ya'yan zongo lauyoyi da akantoci da suka fito daga jami'o'in KNUST da Legon, da yawansu za su ba da yammacin Asabar kyauta in fada ce ta kira. Wanda aka zarga da sata, a kawo hujja ko a wanke shi a gaban mutanen da aka ɓata shi. In sulhu ya gagara, a bar yaro ya tafi ofishin ƙwadago da albarkar manya, kada a mayar da shi wanda ya fita daga jama'a. A gayyaci jami'an SSNIT su kafa tebur a harabar babban masallaci bayan Juma'a, masu gida su zo da yaransu, masu sana'ar kansu ma su yi rajista, tunda an buɗe musu tsarinsu tun 2023. Malamai kuma su ware huɗuba guda a kan haƙƙin ɗan ƙwadago, rana ɗaya a duk masallatan Juma'a na garin nan, yadda ba maigidan da zai ce da shi ake.

Ni da wasu abokai da muka iya rubutu da lissafi a shirye muke mu tsara takardar mu kawo fada a duba, mu kuma zauna cike ta ga duk wanda ya zo, ba tare da karɓar ko sisi ba. Izini muke jira da rana.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ba malamai ladan karantarwa, ya sa albarka a kasuwar iyayenmu.

Wassalam.

Ɗanku,
daga Aboabo, Kumasi